Rasmane da Keken da Ba Ya Son Tsayawa

Rasmane Nikiyema maƙwabcina ne a unguwar Tangin. Katanga ɗaya ce ta raba mu, ita ma katangar ta gaji, don in na miƙe tsaye ina hango abin da matarsa Alizeta ke tuƙawa a tukunya. Shi Mosi ne, ni kuwa Samo ne daga Tugan, sunana Drabo, aikina gadin babura a bakin kasuwar unguwa. Duk wanda ya zauna a Wagadugu ya san tsakanin Samo da Mosi. Taubasai ne mu tun kaka da kakanni: in na gan shi in kira shi bawana, shi ma ya kira ni bawansa, ba mai fushi, ba mai kai ƙara. Saboda haka duk abin da zan faɗa a kansa, da izini nake faɗa.

Yana saurayi ya zo Waga daga wani ƙauye bayan Kombisiri, da wando ɗaya da ƙaton ci. Ya fara da turin ruwa, daga nan ya samu shiga wani gidan burodi a Dapoya yana ɗaukar itace. Mai gidan ya ga yaron ba ya ƙorafi, ba ya gutsurar burodi sai an ba shi, sai ya danƙa masa keke da akwatin katako ya ce ya riƙa kai kaya hayin madatsar ruwa, wato unguwarmu. Fiye da shekara talatin ke nan. Baƙin keke ne mai nauyin jaki, an yi masa walda har ba a gane inda ƙarfen asali ya ƙare. Da shi Rasmane ya yi aure, da shi ya gina ɗakunansa, da shi ya sa 'ya'ya a makaranta har babbar ta zama ma'aikaciyar jinya a garin Kaya. In ka ga dogayen burodi tsaye a akwati kamar damin kara suna haye gada da sassafe, to shi ne a ƙarƙashinsu.

Ba saurinsa ne ya sa aka san shi ba, don bai taɓa yin sauri ba. A kowace ƙofa sai ya sauka, ya jingine keke, ya cire hula. In babba ne ya durƙusa. Sannan a shiga gaisuwar Mosi, wadda ba ta da birki: kwana, gajiya, mutan gida, yara, mutan ƙauye, ciwon bayan shekaranjiya, akuyar da ta ɓata ko ta dawo. Masu shayi da masu shago da matan da ke sayar da wake da burodi a bakin makarantu duk sun saba da haka. Na sha gaya masa cewa burodinsa ya fi na kowa sanin labarin gari, shi ya sa yake isowa a gajiye.

To, sai gwiwa ta fara magana. Da fari ta dama, daga baya ta hagu ta ce ita ma ba a bar ta a baya ba. Hawan gada ya zama sai da turi. Burodi ya koma isowa bayan yara sun shiga aji, mai shayi ya riga ya sallami rabin mutanensa da shayi tsura. Mai gidan burodin na yanzu, Laji Salfo, ɗan wancan ne na farko, kuma a kan kariyar keken nan Rasmane ya riƙa kai shi makaranta yana ƙarami. Shi ya sa maganar ta yi masa nauyi, amma dai ya yi ta. Ya ce masa, Baba Rasmane, in har Babbar Sallah ta zo abin bai gyaru ba, zai ba wani mai babur layin Tangin, shi kuma a ajiye masa benci a bakin ƙofa ya riƙa duba masu shiga da fita.

Ran nan Rasmane bai ci tuwo ba. Na leƙo ta katanga na ce in ba ya so a miƙo mini, kada a yi asara. Ko zagina bai rama ba, a nan na san abin ya kai inda ya kai.

Babur ya fi ƙarfinsa, kuma ko da bai fi ba, ba na jin zai rabu da keken. Ana nan sai ya ga wani abu a layin masu kayan Caina: kwali guda, a ciki ƙaramin inji kamar kan rago, da tanki, da salansa, da kaca, da wani faranti mai haƙora da ake ɗaurawa a tayar baya, da wayoyin totur da kuloci, da leda cike da notuna. Mai shagon ya rantse masa cewa kowane keke aka ɗora wa ya zama babur. Alizeta ce ta kwance ragon da take kiwo don layya ta ce a kai kasuwa, amma da sharaɗin kada ta ji, kada ta gani, an ce mijinta ya faɗa kwata.

A gindin dogon yaron tsakar gidansu aka buɗe asibitin. Ni ne babban mai ba da shawara, ko da yake ba wanda ya naɗa ni. Matsala ta farko, injin ya ƙi zama a cikin ƙirjin keken, saboda tsofaffin waldar nan sun kumbura ƙarfen ko'ina. Aka tura shi wurin Yamba mai walda, ya yanko ƙarfe daga wani mataccen gado ya yi wa injin mazauni. Ta biyu, farantin baya ya zauna a karkace, kaca na faɗuwa duk juyi kaɗan. Rasmane ya kifa keken, ya riƙe gawayi kusa da farantin yana juya taya, inda gawayin ya taɓa ya sassauta nan ya ɗaure can. Ya yini yana wannan, har farantin ya riƙa juyawa ba ya ko rawa. Gaskiya bawan nan nawa yana da haƙuri, kai ne dai babu.

Sai maganar birki. Shekara da shekaru birkin Rasmane silifas ne, ya danna shi a taya keke ya tsaya. Na tambaye shi ko silifas nawa ya tanada, da kuma ƙafa nawa. Ya harare ni, amma washegari ya dawo da ƙafar gaba ta wata tsohuwar mobilet, ƙaramin babur ɗin nan mai feda, da birkinta da komai, ya kuma canza wayoyin tayar baya da masu kauri don su ɗauki kaya. Salansa kuma bakinta na kallon akwatin burodi kai tsaye, sai ya sa Yamba ya ƙara mata bututun famfo ya lanƙwasa shi ƙasa, gefe guda. Ya shafa wa tanki koren fenti. Alizeta ta kitsa masa igiyoyin leda masu launi ta rataya a hannuwan keken, wai ba ta ji ba ta gani ba.

Ranar da injin ya fara tashi, kajin unguwa ba su kwana a gida ba. Aka yi wankan sabon abu yadda aka saba: Alizeta ta dama zomkom, ruwan geron nan nasu mai sanyi, aka raba wa maƙwabta, ni kuma aka sallame ni da na burkutu don kowa ya san matsayina.

Ga yadda ake tayar da irin wannan inji. Ka riƙe kuloci, ka taka feda har keke ya ɗauki gudu, sannan ka saki, taya ta murɗa injin ya kama. Takun farkon nan, da akwati cike, shi ne abin da gwiwar Rasmane ta fi tsana a duniya. A ƙofar gidan burodi akwai ɗan gangare, nan ba wahala. Amma Tangin a shimfiɗe take kamar tabarma. Don haka Rasmane ya yanke wa kansa doka: in ya tayar a Dapoya, ba ya kashewa sai a gida. In ya iso ƙofa sai ya dafa ƙafa ɗaya a ƙasa, hannun hagu na matse da kuloci, na dama na ɗan murɗa totur don kada injin ya mutu, mai saye ya zaro burodinsa da kansa, a gyaɗa kai cikin ƙara, a wuce.

Makon farko, kafin ruwan mai shayi ya tafasa burodi ya iso da zafinsa. Laji Salfo ya yi ta sa albarka. Rasmane ya koma tafiya kamar gwamna, har ya fara ce mini in ina da saƙo zuwa garin Kudugu in faɗa, yanzu zai je ya dawo.

Mako na biyu sai burodi ya fara dawowa. Wannan ta ce na jiya bai ƙare ba. Wancan ya ce yau kasuwa ba daɗi, a rage masa. Wata ma in ta ji ƙarar injin sai ta shige bayan gida, a ce ba ta nan. Rasmane ya ɗauka hayaƙi ne. Ya wanke akwati da sabulu, ya shimfiɗa sabbin buhuna, ya ƙara wa salansa tsawo har ta kusa jan ƙasa. Kullum sai ya miƙo mini burodi ta katanga in sansana ko akwai warin mai. Nakan cinye duka in ce ban tabbata ba, a kawo wani. Laji Salfo kuwa ya sake kiransa ya ce da burodi ya isa da wuri ya dawo, gara ma lattin da.

Ni na gano bakin zaren, ba don wayo ba, don ciki. Kusa da inda nake gadi akwai Yaba Talato, tsohuwar da ke sayar da wake da burodi a ƙofar makarantar firamare. Ita ce mafi daɗewa a masu sayen Rasmane, kuma abin da ta yi shi matan layin ke yi. Ina zaune ina cin wakenta sai ga wani mai babur daga wani gidan burodi daban ya sauke mata kaya. Na ce, tsohuwar baiwata, yaushe kika yi sabon miji ba a gayyace ni ba?

Ta ce, "Je ka tambayi Naba Rasmane."

Naba shi ne sarki a wurinsu. Na ce yaushe aka naɗa shi ban ji tambari ba. Ta ajiye ludayi ta ce ita tun da uwarta ta haife ta, naba kaɗai ta sani yana gaida mutane daga kan doki. Ta je ƙauye ta binne ƙaninta, ta dawo, duk layin nan ba wanda bai zo ya durƙusa ya yi mata gaisuwa ba. Shi kuwa ya tsaya a kanta, ƙafa ɗaya a ƙasa, hula a ka, ya jefo mata sannu ta cikin hayaƙi ya wuce.

Na ce, "To ai wannan mai babur ɗin ma bai sauka ba, Yaba."

Ta ce, "Wannan ban san uwarsa ba. Rasmane kuwa ni na dafa shinkafar sunan 'ya'yansa."

Haka Mosi suke. Ba za su taɓa gaya maka a ido ka yi laifi ba. Za su gaishe ka, su yi maka murmushi, burodinka ya yi ta dawowa har ka tsufa ba ka san dalili ba. Shi ya sa Allah ya halicci Samo ya ajiye kusa da su.

Da yamma na jingina a katanga na ce, ranka ya daɗe, Naba, bayinka na Tangin suna gaisuwa, sun ce a gaida doki. Na zayyana masa komai, ban rage ba, har na ɗan ƙara gishiri. Ya fara da faɗa, wai shi da ya sayar da ragon layya don yaransu su ci burodi da zafi, shi ne za a yi wa suna. Na bar shi ya gama. Can ya zauna a kan turmi yana murza gwiwa.

Ya ce, "Drabo, in na sauka injin ya mutu. In ya mutu, gwiwa ce za ta tashe shi. Gwiwar kuwa ka san ta."

Na ce ya ɗauke ni aiki in riƙa tura shi, amma ya sani ubangida ba ya tura bawa a kyauta. Bai yi dariya ba.

Washegari ya gwada. Kowace ƙofa ya kashe, ya sauka, ya gaisa, ya hau ya taka. Bai kai rabin layi ba ƙafa ta ƙi. Da rana tsaka ya shigo unguwa yana turin keken, gwiwa ta yi kamar gwanda, sauran burodi ya bushe a akwati. Alizeta ta gasa masa da ruwan zafi da man kaɗanya. Sallah kuwa ta matso, har raguna sun cika bakin titi.

Kwanakin da ya yi yana jinya, yakan ɗingisa zuwa bakin madatsar ruwa ya zauna wurin masu lambun latas. A can ya ga abin da kullum yake gani bai taɓa kula ba: mai lambu ya taka injin ban ruwa da ƙafa, ya fizgi igiya, injin ya tashi. Ba feda, ba gudu. Ya roƙi wani ya ba shi kan wani mataccen inji, wato murfin da igiyar ke naɗe a ciki, ya rungumo shi zuwa gida kamar jariri.

Yamba ya ce bai taɓa yi ba, amma ba a haife shi da walda a hannu ba ai. Suka buɗe murfin gefen injin keken, suka ɗaura wani ɗan kofin ƙarfe mai tsaga a kan abin da ke juyawa, yadda haƙoran igiyar za su kama shi. Aka ja, sai ga shi igiyar na juya injin baibai. Dole aka warware ƙarfen nan mai naɗi da ke mayar da igiya, a juya shi. Ni aka ba riƙon murfin. Ƙarfen ya kuɓuce ya tashi sama ya sauka a tukunyar miyar matar Yamba, ta fito ta haɗa Samo da Mosi ta wanke mu tas. Da aka samu ya zauna kuma, murfin ya yi faɗi, feda na dukan sa. Yamba ya gasa ƙafar fedar a wuta ya buɗa ta waje. Rasmane ya sa aka yi masa jaki mai ƙafa biyu don keke ya tsaya da kansa ko akwati na cike, ya kuma yanko zoben roba daga tsohon tub na taya wanda zai riƙe masa kuloci in ya saki hannu. Da aka gama keken ya yi kama da abin da aka haifa tsakanin janareto da amalanke. Amma ka fizgi igiya, ya amsa.

Saura ban haƙuri. A wurinsu mai laifi ba ya zuwa da bakinsa, sai ya aiki wanda ba a iya kora. Ya ƙulla goro a ganye ya ba ni. Na je na tsaya a gaban Yaba Talato na ce bawana marar kai ya aiko ni wurin baiwata mai taurin kai, in sun gama shirmensu su sanar da ni. Ta ce in ajiye goron in ɓace mata da gani, ɗan masu cin kare. Ta karɓa dai. Amma ta ce goro goro ne, ita idonta take jira.

Da safe na riga kowa zuwa, na samu wuri mai kyau. Matan layin duk sun fito, kowace ta sami abin sharewa a ƙofarta. Muka ji shi tun daga gada. Yana saura 'yan taku ya kashe injin, keken ya silalo shiru. Ya kafa jaki, ya cire hula, ya zo gabanta ya durƙusa. Ƙarar da gwiwar ta yi har ni na ji. Ya yi mata ta'aziyyar ƙaninta tun daga farko, yadda ake yi, ya tambayi mutan ƙauye ɗaya bayan ɗaya. Ta bar shi a durƙushe ya ɗan jima, tana juya wakenta. Sannan ta amsa, ta tambayi Alizeta, ta tambayi 'yarsa ta Kaya, ta ce ya tashi haka nan kafin a nemo masu ɗaga shi. Ta buɗe akwatin da kanta ta ɗebi abin da ta saba ɗiba.

Rasmane ya koma wurin keke ya kama igiya ya fizga. Shiru. Ya sake. Shiru. Gumi ya karyo masa, matan nan sun daina shara. Ni na ga abin da ya faru, ya rufe famfon mai da zai sauka ya manta bai buɗe ba, amma na ce bari in ɗan more tukuna.

Yaba Talato ta gyara ɗaurin zani ta ce, "Matsa, ɗana. Hannun da bai taɓa jan guga ba ina zai iya."

Tana kama igiyar na ga idon Rasmane ya faɗa kan famfon. Ya sa yatsa a hankali ya buɗe, ya kalle ni, na kalli sama. Tsohuwa ta fizga sau ɗaya, injin ya ɗauka. Layin ya kaure da guɗa.

Tun daga ranar ita ke tayar masa in ya zo ƙofarta, kuma ta gaya wa duk Tangin cewa injin Rasmane hannunta kawai yake ji. Shi bai musa ba, ni ma an toshe mini baki da burodi.

Ana jibi Sallah Laji Salfo ya tare shi a bakin gidan burodi. Ya leƙa akwati ya ga ko ɓarɓashi babu. Ya ce, amma Baba, an ce yanzu ba ka isa da wuri kamar makon farko. Rasmane ya ce haka ne, injin na gudu, mutane ne ba sa gudu. Laji ya yi dariya ya ce a ƙara masa kaya, akwai sababbin masu shayi biyu a bayan gidan mai da ke tambaya.

Har yau shi ke da layin Tangin. Yanzu wai laima yake so ya kafa wa keken kafin damina, ya riga ya fara zagaya tsohuwar laimar da nake fakewa a wurin gadi yana auna ta da ido. Na gaya masa in ta ɓata na san gidan da zan shiga.